Yadda Mutumin Katsina Zai Je Ƙauyen Bakin Teku, Ya Yi Nutso, Ya Dawo Lafiya

Ranar da na shaida wa mahaifiyata cewa zan je wani tsibiri a Tanzaniya in koyi shiga ƙarƙashin teku, sai ta aje tasbaharta ta dube ni, ta ce, "Mi ka aje cikin ruwa da za ka tafi nema? Mu nan ko rijiya ba mu barin yaro ya leƙa." Na ce, "Inna, da malami zan shiga, kuma sai na koya tukuna." Ta yi shiru, can ta ce Allah Ya tsare.

Tsoronta yana da tushe. Mu mutanen Katsina da Daura mun tashi ne inda ruwa mafi girma da ido ya saba gani shi ne dam ɗin Ajiwa, ko Zoɓe, ko Jibiya, kuma da wuya damina ta wuce ba a ji kududdufi ya ci yaro ba. Saboda haka wannan tafiya ba daga filin jirgi take farawa ba. Daga gida take farawa, watanni kafin a sayi tikiti. Zan bi da kai hanyar yadda na bi ta, kuma wurin da zan kafa misali da shi shi ne tsibirin Mafiya da ƙaramin tsibirin Chole da ke gefensa. Sunan bai da wata alaƙa da 'yan ta'addan Italiya, tsohon suna ne na wurin. Tsibirin yana cikin Tekun Indiya, kudu da Darussalam, daura da inda kogin Rufiji ke zuba a teku. A 1995 gwamnatin Tanzaniya ta keɓe ruwan da ke kudancinsa ya zama gandun halittun ruwa, shi ne irinsa na farko a ƙasar. Yawancin mutanen wurin Musulmi ne masunta, abin da zai sauƙaƙa maka maganar abinci da salla.

Fara da jikinka

Kafin fasfo, kafin dala, je ka ga likita. Ka gaya masa ƙarara cewa nutso za ka yi da tukunyar iska a bayanka, zurfin mita goma sha wani abu. Akwai cututtukan da ba a wasa da su a nan. Mai sikila ba ya nutso, kuma wannan magana ta shafe mu sosai don cutar tana da yawa a cikinmu, in ba ka san ko kana ɗauke da ita ba ka gwada. Mai farfaɗiya ba ya yi. Mace mai ciki ba ta yi. Mai asma, mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai ciwon suga da wanda aka taɓa yi wa aiki a kunne ko huhu, duk sai likita ya duba ya sa hannu. A can za a miƙo maka takarda mai tambayoyin lafiya kafin a ba ka kaya. Kada ka ɓoye komai don kana jin ciwon kuɗin da ka kashe. Wanda likita ya hana shi nutso yana iya yin iyo a saman ruwa da gilashin ido, ya ga abin da zai ishe shi labari har tsufansa.

Sai iyo. Kwas ɗin farko da PADI, ƙungiyar masu koyar da nutso, ke bayarwa, wadda takardarta ta fi yaɗuwa a duniya, yana buƙatar ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, sannan ka zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Ba a duba sauri ko salo, amma sai ka yi. In ba ka iya ba, ka ba kanka wata uku. Nemi wurin iyo na otel ko na makaranta, a Katsina ko Kano, inda akwai mai koyarwa da mai tsaro a tsaye, ka riƙa zuwa sau biyu a mako. Ina roƙonka kada ka ce za ka koya a dam ko a rafi. Ƙasan dam taɓo ne da ramuka, ba wanda zai fiddo ka, kuma a irin ruwan nan da ke kwance ake ɗaukar tsargiya.

Abin da ya fi ba ni wuya ba bugun hannu da ƙafa ba ne, sa fuska cikin ruwa ne da ido buɗe. Wannan kuwa ana iya fara shi a tsakar gida. Cika babban baho, sa fuskarka, ka riƙa fitar da iska ta hanci a hankali kana ƙirga goma. Ka yi ta yi har ranar da ƙirjinka zai daina bugawa. Rabin wahalar kwas ɗin ke nan ka rage.

Takardu, da zaɓen wata

Fasfonka ya kasance yana da sauran aƙalla wata shida daga ranar da za ka shiga ƙasar. In ya kusa ƙarewa, ofishin shige da fice na Katsina ya ishe ka, amma ka je da wuri. Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Duk wanda ya fito daga Najeriya za a nemi ya nuna shi. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, kuma sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Wanda ya je Hajji ko Umara ya duba cikin takardunsa, mai yiwuwa yana da shi. Ka yi allurar da gaske, kada ka sayi kati a hannun ɗan tsaye.

Biza ita ce mai cin lokaci. 'Yan Najeriya, haka ma 'yan'uwanmu na Nijar, suna cikin waɗanda Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Ana cike takardar ta intanet, a tura ta hukumar shige da ficensu ta duba kafin a amince, kuma ana shawartar mutum ya nema wata biyu kafin tafiya. Ka nemi masaukin da za ka sauka ya aiko maka da wasiƙar tabbatar da ɗakinka, ka haɗa da ita. Kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. Dokokin nan suna sauyawa, don haka ka tuntuɓi ofishin jakadancinsu da ke Abuja kafin ka fara. A nan ne kuma za ka sayi inshorar tafiya, ka karanta da kyau ka ga an rubuta cewa ta haɗa da nutso da ɗauko mara lafiya da jirgi, domin yawancin inshora ta gama-gari ba ta ɗaukar wannan.

Game da lokaci, iska biyu ke mulkin wannan gaɓa. Akwai kaskazi mai busowa daga arewa maso gabas, wajen Nuwamba zuwa Maris, da kusi mai busowa daga kudu maso gabas, wadda ta fi ƙarfi, wajen Afrilu zuwa Satumba. Afrilu da Mayu ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya, wasu masaukai ma rufewa suke. In so kake ka samu teku kwance, ka kuma ga katafaren kifin nan mai ɗigo-ɗigo, mafi girma a duniya, wanda ya sa tsibirin ya yi suna, ka nufi tsakanin Oktoba da Fabrairu. Wato lokacin da muke rawar ɗari a Katsina su zafi suke sha, don suna kudu da tsakiyar duniya. Ni dai ba zan ba kowa shawara ya haɗa tafiyar da watan azumi ba. Nutso yana son jiki mai ruwa, ga shi masu masaukin naka su ma suna azumi.

Ka ware kwana goma sha ɗaya ko sha biyu. Biyu na tafiya, biyu na dawowa, ɗaya na hutawa da isa, huɗu na kwas, ɗaya na kifin nan, ɗaya na bushewa kafin hawa jirgi. Wanda ya matse kwanakin shi ke yin ganganci.

Hanya da kaya

Daga Katsina ka bi ta Caranci, Kankiya, Tsanyawa, Bici har Kano. Mutumin Daura ya biyo ta Kazaure. Ka kwana a Kano, kada ka ce za ka taso da asuba ka tarar da jirgi. Daga filin Malam Aminu Kano akwai jirgin Habasha zuwa Adis Ababa, a can ka sauya zuwa Darussalam. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu. Daga Darussalam ƙaramin jirgi ne mai ɗaukar mutum goma sha wani abu zai kai ka Kilindoni, babban garin Mafiya, cikin kamar rabin awa. Akwai kuma hanyar ruwa daga Nyamisati, ta fi arha nesa ba kusa ba, amma ga wanda bai taɓa hawa teku ba, ban so farkon haɗuwarsa da ita ta zama awoyi cikin jirgi cike da mutane da kaya.

Ƙaramin jirgin nan shi zai yanke maka yawan kayanka: kilo 15 zuwa 20 ne, kuma sun fi son jaka mai laushi. Akwatin Makka ya zauna a gida. Ka ɗauki kaya marasa nauyi na auduga, hula mai baki ko malfa, silifa, da takalmin roba mai rufe ƙafa wanda za ka shiga ruwa da shi. Tocila mai ɗaurawa a goshi, fawa bank babba guda biyu, man sauro, man kare fata daga rana, maganin zazzaɓin cizon sauro da likita ya rubuta maka, gishirin zawo, maganin jiri na jirgin ruwa, filasta da aidin. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin namu, cajarka za ta shiga. Kada ka sa leda a kayanka, Tanzaniya ta haramta ta tun 1 ga Yunin 2019, nemi jakar yadi. Ɗan yaji, ƙuli-ƙuli da dabino suna da amfani ranar da harshe ya gaji da kwakwa. Kilishi da dambun nama kuwa ana iya karɓe su a kan iyaka, gara ka ci abinka a Kano.

Kuɗi ka riƙe su a hannu. Ka tafi da dala sababbi, masu canji suna ƙin tsofaffin takardu da masu yagewa, ka canza su zuwa shilin a Darussalam, ka nemi ƙananan takardu da yawa. Kada ka dogara da katin bankinka na naira. A nan filin jirgin za ka sayi layin waya da fasfonka. Ka kira gida kafin ka bar Kilindoni, ka ba wani ɗan'uwanka lambar masaukinka, ka kuma gaya wa iyaye cewa in sun ji shiru kwana biyu ba wani abu ba ne, sabis ne.

Daga Kilindoni zuwa Utende, ƙauyen bakin ruwan da ake tsallakawa Chole daga shi, kamar kilomita 15 ne. Akwai tasi, akwai bajaji wato keken nan namu mai ƙafa uku, akwai bodaboda wato acaɓa. A hagu suke tuƙi, ka kula wajen tsallaka titi. Kafin ka shiga Utende akwai ƙofar gandun, inda baƙo ke biyan kuɗin kowace rana da zai yi a ciki, ko ya shiga ruwa ko bai shiga ba. Ka tambayi masaukinka nawa ne da yadda ake biya tun kana gida, ka sa a lissafi, don kuɗin yana taruwa. Daga bakin ruwan Utende kwalekwale zai tsallaka da kai Chole cikin 'yan mintuna.

Zama inda ba lantarki

A Chole babu mota. Hanyoyin ƙafa ne tsakanin itatuwan kuka da mangwaro da kwakwa, ga kangayen gine-ginen Larabawa da Jamusawa na ƙarni na 19 saiwoyi sun naɗe su. Ganin kuka a bakin teku ya sa na ji kamar ban yi nisa da gida ba. Masaukai a nan sola da fitila suka dogara da su. Ka ba da wayarka a yi caji da rana tsaka, lokacin da sola ke da ƙarfi, da dare ka kashe ta. Mu rashin wuta ba baƙonmu ba ne, wannan ba zai dame ka ba. Abin da zai zo maka sabo shi ne ƙarancin ruwan daɗi alhali ruwa ya kewaye ka. Bokitin da aka kawo maka wani ne ya ɗauko shi a ka, ka yi wanka da shi kamar yadda ake yi a ƙauyukanmu cikin bazara. Ruwan sha kuwa na gora ko tafasasshe. Sabulu ba ya kumfa a ruwan gishiri, kada ka ɓata shi. Alwala dai ta halatta da ruwan teku, hadisin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik: ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne.

Ga abin da ya ba ni mamaki daren farko. Na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas kamar yadda na saba tun ina yaro, sai dattijon da ke kula da masaukin ya taɓa kafaɗata a hankali ya juya ni. A Mafiya alƙibla arewa take, domin Makka tana sama da su sak. A masallaci kuma za ka ji liman yana bayyana bisimilla kafin Fatiha, Shafi'awa ne. Ka bi shi, salla ɗaya ce.

Harshensu Suwahili ne, kuma kunnen Bahaushe zai tsinci kalmomi da yawa da muka aro wuri guda: habari labari ne, sabuni sabulu, hatari haɗari, dakika daƙiƙa, Alhamisi da Ijumaa ba sai an fassara ba. Sallama ita ce mabuɗinka. Babba kuwa ana ce masa shikamoo, ya amsa da marahaba, kamar yadda muke durƙusa wa manya. Amma ka kiyayi lissafin awa. Su daga fitowar rana suke fara ƙirge, ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, wato awa ta ɗaya. Mai kwalekwale ya ce mini "saa mbili", na duba ƙamus na ga ƙarfe biyu, na yi zamana ina jiran azahar, ashe ƙarfe 8 na safe yake nufi. Da na sauko bakin ruwa ya daɗe da tafiya, ruwan ma ya janye. Daga ranar, duk alkawarin lokaci sai na nuna a fuskar agogo mun yarda.

Ka tuna ƙauyen mutane ka shigo, ba filin wasa ba. Gajeren wando da tsiraicin ƙirji a cikin jirgi da bakin ruwa suke tsayawa. Kada ka ɗauki hoton mace ko na yaro ba izini. Kada ka raba wa yara kuɗi a hanya, in kana da abin alheri ka kai wa liman ko malamin makaranta. 'Yar'uwa, ke ma wannan tafiya taki ce. Akwai rigar iyo mai rufe jiki duka har kai, ki saya tun daga gida, kuma rigar robar nutso ma daga wuya har idon sawu take. Ki rubuta wa cibiyar koyar da nutson tun da wuri ki tambaya ko suna da malama mace. Hijabi mai faɗi dai ba a shiga ruwa da shi, yana naɗe mutum.

Abinci shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa, kifi gasasshe, ugali wanda tuwon masara ne mai tauri, wake, rogo, ƙaguwa, jatan lande, da pweza, wata halitta mai hannuwa takwas da suke dafawa da romo. In ba ka taɓa cin ƙaguwa ko jatan lande ba ka fara da ɗan kaɗan, wasu jikinsu ba ya karɓa.

Ruwa ke yanke lokaci

Wannan shi ne abin da mutumin tudu ya fi jahilta, kuma shi ya fi kamata ya sani. Teku tana cika ta janye sau biyu a yini. A wannan gaɓa bambancin yakan kai mita 3 ko fiye, inda ka ga jirgi yana yawo da safe, da rana sai ka tarar da shi kwance kan yashi. Kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kamar minti 50. Wata ne ke jan ruwan, don haka kalandar Musulunci da ke aljihunka za ta yi maka aiki: a tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar ta fi girma, janyewar ta fi nisa, igiyar ruwa ta fi ƙarfi. Kada ka taka yashin da ruwa ya bari ka yi nisa ba tare da ka tambayi yaushe zai dawo ba, yana dawowa da sauri fiye da tafiyar mutum a cikin taɓo. A mashigar Chole ruwa yana gudu kamar kogi idan yana shiga ko fita, shi ya sa cibiyoyin nutso ke sauya lokacin fita kullum. In sun ce yau sai ƙarfe 11, ba lalaci ba ne.

Idan kana tafiya cikin ruwa mara zurfi, sa takalminka, ka riƙa jan ƙafa maimakon ɗagawa. Akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya, akwai kifi mai kama da dutse mai dafi, akwai mai faɗi da ke kwanciya cikin yashi da ƙaya a wutsiya. In ɗayansu ya soke ka, a tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta jure, a nemi asibiti. In igiya ta ja ka zuwa ciki kada ka yi kokawa da ita, ka yi iyo a gicciye har ka fita daga bakinta, ka ɗaga hannu. Rana kuma tana ƙona baƙar fata, musamman wuya da bayan ƙafa, kada wani ya ruɗe ka.

Shiga ƙasa

Cibiyoyin nutso suna Utende. Ka je da kanka kwana ɗaya kafin ka fara. Ka nemi ganin takardar malamin, ka tambayi mutum nawa yake ɗauka a lokaci guda, ka duba ko akwai tukunyar iskar asibiti da akwatin magani a cikin jirgin, ka dubi bututun ko sun tsattsage. Inda aka yi maka fushi don ka yi tambaya, ka bar wurin.

Ranar farko ka tsaya a saman ruwa da gilashi da ɗan bututun numfashi da rigar da ke hana nutsewa. Bayan nan, in kana shakka, akwai gwaji na yini ɗaya da malami ke riƙe da kai, ba a wuce mita 12. Cikakken kwas kwana uku zuwa huɗu ne: karatu, atisaye a ruwa mara zurfi, sannan nutso huɗu a teku. Takardar da za ka samu ta ba ka izinin mita 18, zurfin da ya fi tsayin hasumiyar Gobarau.

Abin da ke cikin tukunyar iska ce irin wadda muke shaƙa, an matse ta. Agogonta yana farawa wajen lamba 200, kuma ana so ka dawo jirgi da 50 ta rage, saboda haka ka riƙa duba shi kamar mai duba man mota a hanyar daji. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke danne jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya gaba ɗaya. Daga wannan ne dokokin suka fito. Ta farko, kada ka taɓa riƙe numfashi. Iskar da ka shaƙa a ƙasa tana kumbura idan kana hawa, in ka rufe ta a ƙirji tana iya yaga huhu. Ta biyu, kunne. Tun daga mita na farko ka toshe hanci ka hura a hankali har ka ji kunnuwa sun buɗe, ka maimaita kowane mita. In ya yi zafi ka tsaya, ka ɗan hau, ka sake.

A nan na yi kuskuren da nake so ka kauce masa. Na baro Katsina cikin hunturu da mura a kaina, na ɗauka ba komai ba ce. A mita huɗu kunnena na hagu ya ƙi buɗewa, na matsa, sai na ji kamar an soka mini tsinke. Malamin ya ga idona ta cikin gilashi, ya nuna mini babban yatsa sama, muka hau. A jirgi ya ce, "Ndugu, ruwan nan yana nan gobe, kunnenka kuwa guda biyu ne kawai." Kwana biyu na yi a tudu. Duk wanda zai taso cikin ƙurar hunturu ya rufe hancinsa makonni kafin tafiya, in kuma mura ta kama shi ya jira ta sake shi.

Ta uku, hawa a hankali. Jiki yana shan wani sashe na iskar a ƙasa, in ka taso da sauri sai ta yi kumfa a jini kamar lemon kwalba da aka buɗe da gaggawa. Ana tsayawa minti 3 a mita 5 kafin a fito. Ciwon gaɓoɓi, jiri, kasala mai tsanani ko mutuwar wani sashe na jiki bayan nutso ba abin a kwanta a gani ba ne, ka faɗa nan take. Na'urar da ake maganin wannan ba a ƙauye take ba, sai an fita da mutum, dalilin inshorar ke nan. Ta huɗu, ba a nutso mutum ɗaya, kuma ka haddace alamun hannu. Babban yatsa sama ba ya nufin lafiya lau, yana nufin mu hau. Lafiya lau ita ce ka haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Sauran kuma kallo ne. Murjanin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya, ga danginsa nan a raye, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa. Dabba ce ba dutse ba, kuma abin da ƙafarka za ta karya cikin daƙiƙa ya yi shekaru yana girma, don haka ka naɗe hannuwanka a ƙirji, kada ka taɓa komai. A nutsona na uku wata kififiya ta zo ta gabana, faɗinta ya kai faifan tuwon biki, tana kaɗa hannuwa ba gaggawa. Ta juyo ido ɗaya ta dube ni, ta ci gaba da tsinkar abincinta a jikin dutse. Ba na jin komai sai numfashina. Na yi tasbihi a zuci har ta ɓace cikin shuɗi.

Babban kifin kuwa ba a Chole ake ganinsa ba, sai an koma ɓangaren Kilindoni, kuma ba a bukatar tukunya, gilashi da bututu sun isa. Shi ne kifi mafi girma a duniya, babbansa yana wuce mita 10, amma ƙananan halittun da ido ba ya gani sosai yake tacewa ya ci. A Mafiya suna kiransa papa potwe, a gaɓar Kenya kuwa papa shilingi saboda ɗigon da ke bayansa kamar an watsa sulalla. Ka shiga ruwa a hankali ba da tsalle ba, ka bar mita 3 tsakaninka da jikinsa, 4 daga wutsiya, kada ka taɓa shi, kada ka tare masa gaba. Ka zaɓi mai jirgin da ba ya kewaye shi da inji. Wata rana ana fita a dawo ba a gan shi ba, kuma mai jirgin ya ƙona mansa, ka biya shi haƙƙinsa.

Ranar bushewa

Bayan nutso na ƙarshe ba a hawa jirgin sama sai an yi aƙalla awa 18 in an yi nutso fiye da ɗaya, yawancin malamai ma cewa suke ka cika 24. Ƙaramin jirgin Kilindoni yana cikin wannan doka. Ka yi amfani da ranar ka tsallaka tsibirin Juani ka ga kangayen tsohon garin Kua da masallatansa, ko ka zauna inda masassaƙan Chole ke haɗa jirgin katako da hannu, da gizago irin na masassaƙanmu. Ka biya duk wanda ke bin ka bashi, ka ƙara wa mai ɗebo maka ruwa da mai kwalekwale wani abu, ka yi sallama da liman.

Kada ka ɗauko murjani ko ƙwanson dodon koɗi a matsayin tsaraba, haramun ne fitar da su daga gandun. Matan tsibirin suna saƙa tabarmi masu launi, har da ƙanana na salla, suna naɗuwa su shiga jaka. A Darussalam, unguwar Kariyako, za ka samu kanumfari da zannuwan kanga masu karin magana a rubuce a gefe, ka sa a fassara maka kafin ka saya wa matarka ko surukarka. In ka dawo gida zazzaɓi ya kama ka, ko kunne ya ci gaba da ciwo, ka gaya wa likita inda ka je da abin da ka yi. Katin nutsonka da littafin da malami ya sa wa hannu ka adana su tare da fasfo, za a neme su duk inda ka sake zuwa.

Ni tabarmar salla na kawo wa Inna, mai ratsin kore da ja. Ta shimfiɗa ta a ɗakinta, ta shafa saƙar da tafin hannu, ta tambaye ni ko matan can ma da kaba suke yi.